Za mu kai kayan renon tsirrai baje kolin masu sana'ar lambu, me ya kamata mu shirya?

Mai Tiren Reno:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar baje koli. Kamfaninmu ƙarami ne, muna sayar da tiren reno, tukwanen roba, bulon zaren kwakwa, ragar inuwa, ledar rufin gidan shuka da kayan ban ruwa na ɗigo. Mun kama rumfa mai mita 3 sau 3 a babban taron masu sana'ar lambu da furanni, na kwana uku, kuma a wata ƙasa za a yi shi. Saura wata huɗu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne: shin mu kwashi kowane irin kaya mu je da shi, ko mu zaɓa? Mu sa tsirrai masu rai a rumfar ko kayan kaɗai sun isa? Sannan wace takarda ake nema wajen tsallakar da irin wannan kaya? Allah Ya saka da alheri.

Malam Injiniya:

Wa alaikumus salam. Malam, fara da awo. Mita 3 sau 3 murabba'in mita 9 ne kacal. Ka cire wurin tsayuwar mutum biyu, ka cire ɗan lungun ajiye kwalaye, abin da ya rage bai wuce teburi ɗaya da kanta biyu a jikin bango ba. Idan ka ce sai kowane kaya ya samu wuri, rumfar za ta koma sito, mai wucewa kuma ba zai gane abin da kuka fi ƙwarewa a kai ba. Ku zaɓi kaya uku da kuke son a san ku da su, sauran su zauna a katalog da akwatin samfur a ƙarƙashin teburi. Kuma kada ku gitta teburin a bakin rumfa kamar shinge. Ku manna shi da bangon gefe, bakin ya zama a buɗe, mutum ya iya shigowa ya ɗauki tire ya juya shi.

Waɗanda ke zuwa irin wannan taro masu gandun reno ne da dillalai da masu sari, ba masu neman tukunya ɗaya ba. Tambayoyinsu na lamba ne, don haka kowane kaya ya kasance da ɗan kati a jikinsa. A kan tire: yawan gurbi, ko 72 ne ko 128 ko 200 ko 288, zurfin gurbi, mililita nawa gurbi ɗaya ke ci, tsawo da faɗin tiren daga waje, nauyinsa a giram, da irin robar. Awon waje yana da muhimmanci ƙwarai, domin mai injin shuka iri ba ya sayen tiren da bai shiga injinsa ba, ko da bambancin milimita 3 ne. A Turai za a tambaye ka tire nawa ke hawa kantar amalanken furanni na Denmak, wanda awonsa santimita 135 da 56.5 ne. A Amurka kuma ana auna komai da tiren da suke kira 1020, mai kimanin santimita 54 da 28. Ku yi wannan lissafin tun daga gida.

A kan tukwane, abin da babban mai saye zai fara yi shi ne ya ɗauki jerin guda ashirin da aka cusa cikin juna ya zare su ɗaya-ɗaya. Yana duba ko suna maƙalewa, saboda injin raba tukwane yana tsayawa idan biyu suka fita tare. Kwalin da ya sha zafi a kwantena ko aka danne shi da nauyi, tukwanensa sukan manne, don haka ku tafi da jerin da aka naɗe daban. Za a kuma tambaye ku launi. Baƙar robar da aka rina da baƙin kabon, na'urar tantance shara ba ta iya gane ta, shi ya sa masu saye da yawa suka koma launin ƙasa ko toka. Ku san kashi nawa cikin ɗari na robarku sake-sarrafawa ce.

Zaren kwakwa shi ne kayan da ya fi sauƙin jawo mutane, domin gani ya kori ji. Amma kada ku jiƙa bulon kilo 5. Zai sha ruwa fiye da lita 20, ya kumbura ya kai lita 60 zuwa 70, ku rasa inda za ku kai shi. Ƙaramin bulo mai giram 650 ya isa: lita 4 zuwa 5 na ruwa mai ɗumi a cikin akwatin roba mai nuna ciki, cikin minti 15 zuwa 20 ya tashi ya ba da lita 8 ko 9. Ku manna ma'aunin lita a jikin akwatin. Guda biyu ko uku a yini sun wadatar. Kusa da shi ku ajiye na'urar auna gishiri da ta auna tsami. Duk wanda ya san zaren kwakwa, tambayarsa ta farko ita ce EC nawa, wato awon gishirin da ke cikin zaren, ta biyu kuma da wace hanya aka auna. Awon kashi 1 na zare da kashi 1.5 na ruwa ba ya ba da lamba ɗaya da awon 1 da 5, kuma wanda ya faɗi lamba bai faɗi hanya ba, an gane bai san kayansa ba. Haka nan ku bambanta wankakke da wanda aka jiƙa da sinadarin kalsiyam. Wanki yana rage gishirin da ke saman zare ne kawai. Jiƙon kalsiyam shi ke fitar da sodiyam da fotasiyam da suka kama jikinsa. In ba a yi shi ba, zaren zai riƙe kalsiyam ɗin da manomi ya zuba a taki, tsiro ya nuna rashi. Kada ku rubuta abin da ba ku da takardar gwajinsa.

Raga da leda ba sa buƙatar wuri. A yanka santimita 50 da 50, a ɗaure a firam, a sa fitila ɗaya a sama da na'urar auna haske a ƙasa. Mai saye ya sauya raga mai inuwar kashi 30 cikin ɗari da ta 50 da ta 75 da hannunsa, ya ga lambar tana sauka. Ga leda kuma, ya sa hannu a ƙarƙashin mai watsa haske da marar watsawa, ya ga yadda inuwar hannun ke dushewa. A katinta a rubuta kauri, misali maikiron 200, da lokacin garanti, da sharaɗinsa, domin feshin da ke ɗauke da sulfa ko kilorin yana cinye kariyar ledar daga rana.

Hajiya Mai Gandu:

Malam Injiniya ya yi bayani mai kyau, sai dai ban yarda a bar rumfa babu tsiro ba. Tire fanko roba ce kawai, kuma akwai rumfuna da yawa masu irinta. Abin da ke sayar da tire shi ne saiwa. Mai gandu yana son ya zare tsiro daga gurbi ya ga ƙasar ta fito dunƙule ɗaya ba ta warwatse ba, saiwar fara ce, ta gangara ƙasa ba ta naɗe kanta a gindi ba. Wannan ba ya nunuwa a hoto.

Amma kada ka ɗauko tsiro daga ƙasarka. Tsiro mai rai yana buƙatar takardar shaidar lafiyar tsirrai, wasu ƙasashen har da izinin shigowa, kuma kwana biyu a ɗakin bincike sun isa su kashe shi. Hanyar da ta fi ita ce ka nemi gandun reno kusa da wurin taron, ka aika musu da tirenka da zarenka tun yanzu, su rena maka. Masu shirya taro galibi sun san waɗanda ke wannan aikin.

Lissafin lokaci daga ranar buɗewa ake yin sa a koma baya. Tumatir a tire mai gurbi 128 yana ɗaukar sati 4 zuwa 5 kafin saiwa ta kama ƙasar gurbin. Latas sati 3 zuwa 4. A shuka kashi uku, tsakaninsu kwana 5 zuwa 7, saboda sanyi ko hadari na iya jinkirta girma, zafi kuma ya gaggauta shi. Ranar lodi sai a zaɓi kashin da ya zo daidai. Wanda ya wuce lokaci ya fi wanda bai kai ba muni, domin saiwarsa ta riga ta cunkushe ta fara yin ruwan ƙasa, kuma mai saye zai ɗora laifin a kan tirenka. Ka tanadi tire biyu na kowace rana, tunda za a yi ta zare tsirran. In za ka kwatanta tirenka da wani iri, to iri ɗaya, rana ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, kuma ka cire sunan mai ɗaya tiren.

Zauren baje koli wuri ne mai wahalar da tsiro. Hasken fitilunsa 'yan ɗaruruwan luks ne, wato ma'aunin haske, alhali rana tsaka a waje tana kai wa dubu 100. Cikin kwana biyu tsiron zai miƙe, ya yi siriri, ya karkata wajen fitila. A rataya fitilar LED ta reno santimita 30 zuwa 40 sama da tiren, farar fitila, ba mai shuɗi da ja ba, domin waccan tana sa ganye ya yi kamar baƙi kuma tana damun ido. Ka sani cewa a zaure da yawa ana kashe wutar rumfuna da dare, sai wanda ya nemi wutar awa 24 a fom. Iskar na'urar sanyaya ko ɗumama zaure tana busar da ƙaramin gurbi da sauri. A shayar da safe kafin buɗe ƙofa, ta ƙasa, a faranti marar huji, a zubar da ragowar bayan minti 10. In aka shayar ta sama ana tsakiyar taro, kafet zai jiƙe, tsiron da aka zare kuma ya ɓata hannun baƙo.

Abu ɗaya da ake mantawa shi ne hayaƙin motocin ɗaga kaya masu amfani da gas a ranar shirya rumfuna. Yana ɗauke da iskar etilin, tumatir kuma ba ya jure ta. Ganyensa zai lanƙwashe ƙasa kamar mai jin ƙishi alhali ƙasar a jiƙe take, masu fure kuma su zubar da furensu. Tsirrai su zama kayan ƙarshe da za su shiga, da yammacin jajibirin buɗewa ko da sassafe. Kada kuma a ajiye kwanon nunannun 'ya'yan itace kusa da su, su ma suna fitar da ita.

Abu Kwastan:

Ga ɓangaren takardu, kuma wata huɗu ba yawa ba ne in ta ruwa za a aika.

Ka raba kayanka gida biyu. Na farko waɗanda za su je su dawo: firam, fitila, famfo, na'urorin awo, allon suna. Waɗannan ana iya shigar da su da takardar ATA, wadda cibiyar 'yan kasuwa ke bayarwa, tana aiki har wata 12, kuma tana ɗauke maka biyan haraji a kan iyaka. Ba kowace ƙasa ce ke cikin tsarin ba, sai ka tabbatar da taka da wadda za ka je. Kowane abu da ke cikin jerin dole ya dawo, kuma a buga hatimi a fita da shiga duka. Gida na biyu waɗanda za su ƙare a can: katalog, samfurin rabawa, bulon da za a jiƙa. Takardar ATA ba ta ɗaukar su. Su sai takardar kaya ta daban, da ƙimar gaskiya da lambar kwastan ta kowane abu. Kada a haɗa gida biyun a kwali ɗaya.

Falet, wato dandamalin ɗora kaya, in na katako ne dole ya kasance da hatimin ISPM 15, galibi shaidar cewa an gasa katakon har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30. Ba falet kaɗai ba, har guntun katakon da aka tokare kaya da shi. Falet na roba ko na filawud ba ya buƙatar hatimin. Awon falet a Turai santimita 120 da 80 ne, a Amurka inci 48 da 40.

Ƙasar reno ita ce inda aka fi faɗawa matsala. Tarayyar Turai ta hana shigo da ƙasa daga yawancin ƙasashen waje, haka ma cakuɗen reno mai ɗauke da takin gargajiya ko ɓawon itace. Abin da ta ware shi ne zallar zaren kwakwa ko zallar fit, wato ruɓaɓɓun tsirran fadama, da ba a taɓa shuka a cikinsa ba. Don haka in kana da cakuɗe, tambayi hukumar kare tsirrai ta ƙasar a rubuce kafin ka ɗaure kwali. Iri ma haka, ko ɗan ƙunshi ne na kyauta.

Kowane taro da ɗabi'arsa. IPM a birnin Esen na Jamus a watan Janairu ake yi, cikin tsananin sanyi, tsiron da ya tsaya a bakin ƙofar lodi ba rufi zai iya lalacewa. GreenTech a Amsterdam a watan Yuni, Cultivate kuma a Kolumbus ta jihar Ohayo a watan Yuli. A tarukan Amurka, ɗan kwangilar taro ne ke ɗaukar kaya daga ƙofa zuwa rumfa, ana cajin kowane fam 100, wato kimanin kilo 45, kuma kowane aike da ya iso daban ana lissafa shi daban da mafi ƙarancin nauyin da suka ƙayyade. Ƙananan kwalaye biyar da suka iso a ranaku biyar sun fi falet ɗaya tsada nesa ba kusa ba. Wuta a can bolt 120 ce, a Turai 230, ka duba famfo da fitilarka. Sannan littafin dokokin masu baje koli, karanta shi duka. A ciki za ka ga ranar rufe odar wuta da ruwa, tsayin bango da aka yarda, da shaidar cewa yadi ko ragar da za ka rataya ba ta saurin kama wuta. A Jamus suna neman matakin B1. Jami'in kashe gobara yana iya sa ka sauke ragar inuwa in ka yi rufin rumfa da ita babu wannan shaidar.

Mai Tiren Reno:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Hajiya, za mu nemi gandun a wannan satin. Malam Injiniya, saura kayan ɗigo. Muna son a ga ruwa yana ɗiga, amma ba mu yi odar bututun ruwa ba. Ƙaramin famfon tankin kifi zai yi? Kuma muna da takin narkewa a ruwa, mu tafi da buhu ko biyu?

Malam Injiniya:

Famfon tankin kifi ba zai yi ba. Yana tura ruwa sama mita 1 zuwa 2 ne, wato matsin 0.1 zuwa 0.2 a ma'aunin matsin ruwa da ake kira ba (bar). Maɗigi mai daidaita matsi ba ya fara aiki daidai sai daga kimanin ba 0.5, mai hana tsiyaya kuma yana son kusan ba 1 kafin ya buɗe. Da wancan famfon za ka tsaya gaban mutane maɗigi yana ɗiga yadda ya ga dama, ko ya ƙi gaba ɗaya. Nemi ƙaramin famfo mai bolt 12 da ke kai wa ba 3 ko 4.

Ga yadda za a haɗa shi. Tanki mai murfi na lita 40 a ƙarƙashin teburi. Daga tanki zuwa famfo, daga famfo zuwa filta mai raga 120, wato maikiron 130, sai agogon matsi, sai tiyo mai milimita 16 tsawon mita ɗaya da rabi da maɗigi 10, a toshe ƙarshensa. Maɗigi 10 masu lita 2 a awa lita 20 kacal suke sha, famfon kuma yana ba da ninkin haka sau da yawa, don haka dole a sa reshe mai bawul da ke mayar da rarar ruwa cikin tanki. In babu shi famfon zai riƙa kunnawa yana kashewa, allurar agogo tana rawa, ƙararsa ta dami maƙwabta. Da wannan bawul ɗin ne kuma za ka riƙa ɗaga matsi da sauke shi.

A ƙarƙashin kowane maɗigi a sa kofin awo mai mililita 250. Lita 2 a awa mililita 33 ne a minti, wato 100 a minti 3. Ka kunna a ba 1 na minti 3, baƙo ya duba kofuna goma. A zubar, a ɗaga zuwa ba 3, a maimaita. In maɗigin na kirki ne ruwan zai tsaya a layi ɗaya sau biyun. Ka gwada wannan sau da yawa a gida da ainihin maɗigan da za ka tafi da su, ka bar iska ta gama fita daga tiyo kafin ka fara ƙirga lokaci, in ba haka ba kofunan ƙarshe za su gaza. Duk kayan su zauna cikin faranti mai zurfin da zai ɗauke ruwan tankin gaba ɗaya in tiyo ya fice. Soket ya kasance a ɗage, ba a ƙasa ba, da na'urar yanke wuta ta miliamf 30. Ruwa zalla za a zuba, ba taki, ba launi, domin launi in ya zuba a kafet ɗin haya ku za ku biya.

Taki kuwa, bar buhun a gida. Fotasiyam naitiret yana cikin kaya masu haɗari na aji 5.1, lambarsa UN 1486, kamfanin jirgi ba zai karɓe shi a matsayin kaya na yau da kullum ba, kuma kwali ɗaya zai iya tsare falet ɗin duka. Kalsiyam naitiret kuma yana jan danshi, in aka bar shi a buɗe kafin yamma ya jiƙe ya dunƙule. Ku tafi da buhu fanko mai tsabta a cika shi da takarda, da takardar bayanin sinadari da ta kariya. Ƙasashe da yawa ma ba sa barin a sayar ko a raba takin da ba a yi masa rajista a wurinsu ba.

Hajiya Mai Gandu:

Ƙari kaɗan a kan samfur, Malam. Kada ka tara tire a bakin rumfa kowa ya ɗauka. Mai saye na gaske ba ya son yawo da tire a hannu, kuma tire ɗaya ba ya gwada komai. Injin shuka yana buƙatar aƙalla 20 zuwa 50 kafin a san ko suna tafiya lafiya. Ka rubuta sunan gandunsa, abin da yake renawa, tire nawa yake ci a shekara, irin injinsa, da watan da yake yin oda, ka yi alkawarin aika masa kwali guda. Wannan bayanin a rubuta shi nan take a bayan katinsa, kafin wani baƙon ya shigo. A tura wasiƙa cikin sati ɗaya da rufe taro, da takardar awon kayan da ya tambaya kaɗai.

Ka kuma haddace guda nawa ke cikin kwali, kwali nawa a falet, falet nawa a kwantena mai ƙafa 40, mafi ƙarancin oda, da sati nawa daga oda zuwa lodi. Tukwane da tire suna cika kwantena kafin su kai iyakar nauyi, bulon zaren kwakwa kuma yana kai iyakar nauyi kwantena bai gama cika ba. Dillalin da ke son a haɗa masa kaya biyun a kwantena ɗaya zai tambaye ka nawa-nawa za su shiga, don haka ka tafi da lissafin haɗi biyu ko uku a rubuce.